Ummi da Gurbin Sa Hannun Uwa

Zuwa ga Hajiya Darakta,
Shugabar Sashen Kula da Ma'aikata,
Ofishinmu da ke Doka, Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da iyali da jikoki, ina roƙon ki yi haƙuri da ganin wannan takarda a bainar jama'a. Sunana Isiyaku. Ni ne na ɗakin ajiyar fayil, can ƙasan bene kusa da janareta, kuma shekarata goma sha ɗaya a wannan ɗaki. Mai yiwuwa ba ki san fuskata ba, amma duk fayil ɗin da ya hau teburinki da safe ta hannuna ya bi, in ya sauko kuma ni nake mayar da shi mazauninsa.

Saboda haka na san inda takarduna uku suke kwance. Sau uku ina rubuto koke ta hanyar da doka ta tsara, sau uku yana saukowa da rubutun jan biro a gefe, wai a jingine tukuna. Rubutun ba naki ba ne, na san hannunki. Ni da kaina na buga wa kowace hatimi, na huda ta, na ɗaure da igiya, na saka a durowa. Ban san aikin da ya fi wannan ban takaici ba, a ce mutum ya binne kukansa da hannunsa, sannan ya rubuta lambar wurin don kada ya ɓace. Shi ya sa na fito da ta huɗun waje, ko Allah zai sa ta iso gare ki.

Na farko, godiya.

Yabon gwani ya zama dole. Lokacin da aka gama gyaran gini, sanarwa ta fito bayan ƙaramar salla cewa duk masu aiki daga gida su dawo ofis kowace ranar aiki. Ke ce kika tsaya kai da fata sai an buɗe ɗakin raino kafin a dawo da masu ƙananan yara. Ba labari aka ba ni ba, fayil ɗin na gani a ranakun da nake leƙowa ofis. Ya hau bene ya sauko har bangonsa ya yage na sake masa wani, kuma kowane hawa da rubutunki a ciki. Yau ga ɗaki nan a ƙarshen baranda, da katifu da fanka da firji da masu raino biyu. Ranar da na karanta sanarwar buɗe shi, sai da na ɗaga 'yata sama na ce mata, Ummi, mun sami wuri. Ita dai dariya ta yi, ta kama mini gemu.

Na biyu, wace ce Ummi.

Matata Bilkisu ta rasu kwana biyar da haihuwa, jini ne ya ɓalle mata. Ranar suna babu wanda ya yi guɗa. Aka mayar wa jaririyar sunan uwarta, muke kiranta Ummi, domin har yau bakina ba ya iya kiran ainihin sunan a cikin gidan nan. Yanzu watanta goma sha ɗaya.

Surukata, wadda muke kira Inna, ta zo daga Kudan ta zauna da mu wata shida. Ita ta koya mini dama madara da gwada zafinta a bayan hannu, da wanka, da yadda ake goyo a ɗaure majanyi ba tare da an matse cikin yaro ba. Tana koya mini tana yi mini tsiya, wai hannuna ya saba da takarda, ina juya jikarta kamar ina neman shafi na biyu. Da maigidanta ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki, dole ta koma. Ta so ta tafi da Ummi, na durƙusa na roƙe ta. A lokacin daga gida nake aiki, ina shigar da lambobin fayil a kwamfuta, yarinyar tana kan tabarma kusa da ƙafata. Inna ta dube ni ta ce ta bar mini ita aro.

Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa. Ƙanwata ɗaya ce, tana aure a Gusau da yara shida. Gidan da nake haya a Kurmin Mashi ciki da falo ne, daga ni sai Ummi. Hajiya, in mace ta rasa miji akwai takaba, ana zuwa ana duba ta wata da watanni. Namiji kuwa, da an yi sadakar bakwai an naɗe tabarmi an mayar da bencina masallaci, shi ke nan, an ɗauka ya warke. Akwai ranakun da tun daga asuba har magariba ba na yin magana da wani babba sai mai shagon da nake sayen burodi. Duk labarin ofis Ummi nake ba wa. Ta san sunan kowa a sashenmu, ta san wanda ke ɓatar da fayil ya ɗora wa wani. Kaɗaici yana damuna ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba, kuma ita ce kaɗai maganinsa da Allah ya bar mini.

Na uku, fom.

Ranar Litinin ɗin da aka dawo, na goya ta na shiga Keke daga Kurmin Mashi. Na saba da kallo. Namiji da goyo a garin nan abin kallo ne, kuma ba a rasa mai cewa, "Malam, madam ta yi yaji ne?" Da farko nakan tsaya in yi bayani, sai in ga fuskar mutum ta zube, ya shiga ba ni haƙuri, ni kuma in koma ina lallashinsa. Yanzu cewa nake yi, e, ta yi nisa. Sai a yi dariya a wuce.

A ƙofar ɗakin raino Malama Hadiza, mai kula da wurin, ta miƙo mini fom. A samansa an rubuta cewa na ma'aikata mata masu shayarwa ne. Gurabensa su ne sunan yaro, sunan uwa, lambar aikin uwa, sashen uwa, sa hannun uwa. Na juya bayansa ko akwai inda aka ambaci uba, babu komai. Aikina ke nan cike gurabe, don haka na cike abin da na sani. Sunan yaro, Bilkisu. Sunan uwa, Bilkisu. Sauran na bari.

Malama Hadiza ta duba ta ce, "Malam, ai sai maman ta zo da kanta ta sa hannu."

Na gaya mata inda maman take. Baiwar Allah ta dafe baki, ta yi salati, idonta ya ciko. Ta karɓi Ummi ta rungume, sannan ta mayar mini da ita, ta ce, "Wallahi Malam ba ni da iko. Haka aka ce mini, in babu uwa ma'aikaciya, babu yaro." Ba na ganin laifinta ko kaɗan. Takarda aka ba ta, ta bi takarda, ni ma da abin da nake ci ke nan.

A makon nan na shimfiɗa wa Ummi bargo a ƙarƙashin teburina. Kin san ɗakin fayil, ƙurar tsofaffin takardu ga hayaƙin janareta ta taga. Kwana uku ta fara tari, shugaban sashenmu kuma ya ce doka ta hana, kuma gaskiyarsa ne. Na kai ta wani gidan raino a Kinkinau, amma su ƙarfe biyu suke rufewa tare da makarantarsu, mu kuwa sai huɗu. Kullum da azahar sai in sulale in ɗauko ta, in zauna da ita ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ta bakin get, in ba ta kunu, in roƙi masu gadi su sa mata ido in ruga in sallami masu jiran fayil. Ba a yi kwana goma ba na sami takardar gargaɗi saboda barin wurin aiki. Ita ma ni na buga mata hatimi na saka a fayil ɗina.

Na huɗu, Madam Saratu.

Kin san ta, mai buga takardu a sashen gudanarwa, mutuniyar Zonkwa, wadda saura mata shekara biyu ta yi ritaya. Kafin wannan, tsakanina da ita gaisuwa ce kawai. Wata rana ta fito sayen gyaɗa ta same ni gindin bishiyar nan, kunu ya zube mini a riga, Ummi tana kuka, ana kuma kirana a waya daga sama. Ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai Malam Isiyaku, wannan ba zai yiwu ba fa. Kawo mini ita nan. Ɗa na kowa ne."

Ta karɓe ta, ta kwance gyalenta ta goya, ta wuce kai tsaye ɗakin raino. Ta amshi sabon fom ta rubuta sunanta a gurbin uwa, ta sa lambar aikinta, ta sa hannu. Malama Hadiza ta kau da kai. Na sani a ranar, ban hana ba, kuma ba zan ce ban ji daɗi ba. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Mako uku muka yi haka. Da safe in miƙa Ummi ga Madam Saratu a gindin bene da jakarta da flas ɗin ruwan zafi, ƙarfe huɗu ta sauko mini da ita an yi mata wanka an shafa mata hoda. Ko alewa ba ta taɓa sa mata a baki ba sai ta tambaye ni. Wata rana ta kawo ta da kitso guda uku a ɗan gashin nan nata, tana yi mini faɗa wai na bar kan yarinya kamar na ɗan tsako. A makonnin nan uku tarin ya tafi, Ummi ta yi kumatu, ni kuma babu fayil ɗin da ya kwana a teburina.

A cikin ɗakin nan Ummi ta fara tafiya. Ranar Laraba ce, ina wucewa ta baranda da fayil huɗu a hammata, sai na ji mata suna tafi suna cewa ta-ta-ta, ta-ta-ta, na ji muryar Madam Saratu tana cewa, "Zo, Ummi, zo wurin Mama." Na gane abin da ke faruwa. A ƙofar an rubuta ba a yarda maza su shiga ba, kuma daidai ne, mata suna shayarwa a ciki. Na tsaya a bayan ƙofa ina saurare har aka yi shewa, na san ta isa. Taku huɗu aka ce ta yi. Na koma ɗakin fayil na rufe ƙofa, na ɗauko waya don in gaya wa wani, na bi sunayen da ke ciki tun daga sama har ƙasa. Lambar Bilkisu tana nan ban goge ba. Na ajiye wayar na ci gaba da huda takardu.

A mako na huɗu aka zo duba rajistar ɗakin. Wani mai ido ya lura cewa matar da ta kusa shekara sittin ta yi rajistar jaririya 'yar wata goma. Aka cire sunan Ummi a ranar, muka koma gindin bishiyar bakin get. Aka ba Madam Saratu takardar tuhuma, wai ta ba da bayanin ƙarya a takardar ofis. Matar da ta yi shekara talatin da wani abu babu ɗigon jan biro a fayil ɗinta, yau ga tabo a bakin ritayarta saboda 'yata. Da na je ba ta haƙuri, cewa ta yi, "Bar su, Malam. In an tambaye ni zan ce ni na rubuta, kuma gobe ma in aka ba ni biro zan sake." Tana faɗa tana dariya. Ita ma takardar tana durowata yanzu, kuma duk lokacin da na buɗe sai kunya ta rufe ni.

Na biyar, shawarar da ake ba ni.

Na sami ganin mataimakinki sau ɗaya, a tsaye, yana shirin fita. Ya saurare ni, ya yi mini ta'aziyya, sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Isiyaku, raino ai aikin mata ne. Ka yi aure mana, ko ka kai ta gida." Ba shi kaɗai ba, kusan kowa haka yake ce mini, daga masallaci har wurin mai shayi, kuma na san da kyakkyawar niyya suke faɗa.

Game da aure, in Allah ya kawo lokacinsa zan yi. Amma ba zan je in ɗauko 'yar mutane don in cike gurbi a fom ba, ita ma mutum ce, da zuciyarta. Kuma ko da na ɗaura auren gobe, in amaryar ba ma'aikaciyar ofishin nan ba ce, fom ɗin nan dai ba zai karɓi Ummi ba. Sai dai in an ce in bi sashe-sashe ina tambayar wadda ba ta da miji, in nemi lambar aikinta kafin in nemi iyayenta.

Game da kai ta gida kuwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ummi gidanta ke nan, inda nake. Wanda ya rubuta fom ɗin nan ya ɗauka cewa bayan kowane ma'aikaci namiji akwai mace a gida tana jiran ya dawo. Yawanci haka ne, ni ma haka nake a da, kuma da ni aka ba rubutun fom ɗin shekara biyu da suka wuce, wallahi haka zan rubuta shi. Ban san da irina ba sai da na zama shi. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Akwai direba a nan wanda matarsa ma'aikaciyar jinya ce mai aikin karɓa-karɓa, shi ma na sha ganin ɗansa yana barci a kujerar bayan motar ofis, amma kunya ba za ta bar shi ya yi magana ba.

Abin da nake roƙo.

Ɗaya, a gyara fom ɗin, inda aka ce uwa a ce uwa ko uba ko mai riƙo, muddin ma'aikacin wannan ofis ne. Layi ɗaya ne. Madam Saratu za ta iya buga shi kafin shayinki ya huce.

Biyu, ba na neman shiga ɗakin. Mutuncin matan da ke ciki ya fi mini komai, kuma rubutun ƙofar ya zauna yadda yake. A ajiye benci a baranda, in ƙwanƙwasa in miƙa ta, in an tashi in ƙwanƙwasa a miƙo mini. In wani abu ya faru a ciki, irin na ranar Larabar nan, ya ishe ni a leƙo a gaya mini.

Uku, a janye takardar tuhumar da aka ba Madam Saratu. In lallai sai an hukunta wani, ga ni. Ni na san abin da ta rubuta, ni na amfana, kuma fayil ɗina ya riga ya sami tabo, ƙarin ɗaya ba zai canza masa kama ba.

Huɗu, ina roƙon amsa kafin a tashi aiki ranar Juma'a, ko da a'a ce. Ga dalili.

Labarin bishiyar bakin get ya kai Kudan. Inna ta kira ni shekaranjiya, ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Isiyaku, ba don ba ka iya ba ne, ka yi abin da maza da yawa ba za su yi ba. Amma marainiya ba ta yini a gindin bishiya. Aro na ba ka, ranar Asabar zan zo in karɓa." Tana da gaskiya, kuma jikarta ce, abin da 'yarta ta bari ke nan. Abu ɗaya ta yarda da shi, in na nuna mata takarda cewa Ummi ta sami wuri a inda nake aiki, za ta sha ruwa ta koma ita kaɗai.

Za a ce Kudan ba nisa, in riƙa zuwa ƙarshen mako. Haka ne. Amma kin yi renon yara, Hajiya, kin san ɗan wata goma sha ɗaya. Wata biyu ya isa in yi sallama a zauren Inna, in miƙa hannu, Ummi ta yi mini ƙyuya ta ɓuya a bayan zane. Sannan in dawo Kurmin Mashi in buɗe ƙofa, babu wanda zan ba labarin ofis. Na binne uwarta na jure, domin wannan hukuncin Allah ne, babu wanda zan kai wa ƙara. Wannan kuwa layi ɗaya ne a takarda, mutum ne ya rubuta shi, kuma mutum zai iya gyarawa.

Na wanke kayanta na goge, na jera su a akwatin Bilkisu, har da takalmin da na saya mata bayan ranar Larabar nan. Ban ja zif ɗin ba tukuna.

Allah ya saka miki da alheri a kan ɗakin da kika buɗe, ya sa shi a mizaninki. Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya raya miki zuriya, ya bar kowane jikanki da uwarsa da ubansa har ya girma. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu cika da imani.

Kwafin wannan wasiƙa yana cikin fayil na farko da zai hau teburinki gobe da safe, ni zan ɗora shi a sama da hannuna. A bayansa na maƙala fom ɗin nan na ranar Litinin. Na cike duk abin da zan iya, na rubuta sunana da lambar aikina a gefe inda babu layi, na sa hannu a can ƙasa. Gurbin sa hannun uwa na bar shi fari, ranki ya daɗe, domin ba ni da wanda zan aika ya kira ta.

Wassalam.

Naki mai biyayya,
Isiyaku, baban Ummi,
Ɗakin ajiyar fayil.